Tafiyar aikin sa kai ta 'yan sakandare zuwa ƙasar waje: tambayoyin da iyaye ke ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo daga Ghana da yaran makarantar su yarinyar wajena wayata ba ta huta ba, wannan ta kira, waccan ta turo saƙon murya a WhatsApp, kuma duk maganar kusan ɗaya ce, wai makaranta ta aiko da takarda za a kai yara aikin sa kai ƙasar waje a dogon hutu, mu bari ko mu hana? Shi ne na ce bari dai in zauna in tattara tambayoyin wuri guda in amsa iya abin da idona ya gani. A jihar Maryland nake zaune a nan Amurka, kuma na bi tafiyar ne a matsayin ɗaya daga cikin iyaye biyu masu rakiya, yara 18, malamai 3, kwana 14. Yarinyar tawa shekararta 16 lokacin.

Wai Hajiya mene ne ma wannan tafiyar, aiki ne ko yawon buɗe ido?

Duka biyun ne, kuma duk wanda ya ce miki aiki ne zalla bai faɗa miki gaskiya ba. Yadda abin yake, makaranta ko coci ko masallaci ko wani kamfani mai shirya tafiye-tafiyen matasa sai ya haɗa yara 'yan shekara 14 zuwa 18, a kai su wata ƙasa na sati ɗaya zuwa uku, yawanci tsakanin Yuni da Agusta da ake dogon hutu. Daga nan Amurka an fi zuwa Kosta Rika, Jamhuriyar Dominika, Gwatemala, Peru, sai a Afirka Ghana da Tanzaniya, a Asiya kuma Tailan da Kambodiya da Nepal. Da safe a yi aiki, gini ko fenti ko shuka itatuwa ko wasa da yara a makaranta, da yamma a huta, kwanakin ƙarshe kuma a zaga gari. Mu a cikin kwana 14 kwana 7 kacal muka yi aiki, biyu sun tafi a jirgi, sauran hanya ce da ziyarce-ziyarce.

Sabon abu ne ko dama can ana yi?

Ya daɗe. A Ingila tun 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar aikin sa kai ta VSO, kuma farkon waɗanda suka tura samari ne da suka gama sakandare ba su shiga jami'a ba tukuna. A 1961 shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, shirin gwamnatin Amurka na tura masu aikin sa kai ƙasashen waje, kuma Ghana ce ƙasar da rukunin farko suka fara sauka, a ƙarshen Agustan shekarar, zamanin Nkrumah, malaman makaranta ne kimanin 50. Iyayenmu da yawa a Najeriya da Nijar irin waɗannan turawan sun koyar da su. Sai dai 'yan Peace Corps manya ne, shekara biyu suke yi, suna koyon yaren wurin. Na 'yan sakandare kuwa wanda aka fi sani tsoho shi ne Amigos de las Américas, wanda ya fara a 1965 da wani malamin coci na birnin Houston ya kwashi matasa ya kai su Honduras yin allurar shan inna. Daga baya ne abin ya zama kasuwa, kamfanoni suka shigo, shekara biyu ta koma sati biyu.

Nawa ake kashewa?

Da tsada gaskiya. Tafiyar sati biyu yawanci tana kamawa daga dala 3,000 zuwa 6,000, kuma sau da yawa kuɗin jirgi ba ya ciki, ga biza, ga allurai, ga inshora, ga kuɗin kashewa. Abin da nake so ki riƙe shi ne mafi yawan kuɗin nan a kan ɗanki zai ƙare, masaukinsa, abincinsa, motar da za ta ɗauke shi, albashin masu kula da shi, da ribar kamfani. Abin da ke isa ƙauyen kaɗan ne. Kamfanin farko da makarantarmu ta fara magana da shi na tambaye su a taron iyaye, na ce cikin kowace dala ɗari nawa ke zuwa sayen siminti da biyan magina, wallahi sau uku ina tambaya ana zagaye-zagaye ana nuna mana hotunan yara suna dariya, a ƙarshe dai iyaye muka haɗu muka ce a canza. Na biyun kafin mu tambaya ma sun ba mu lissafi a rubuce, har da sunan kwamitin ƙauyen da za a damƙa wa kuɗin kayan gini. Don haka ki tambaya, kuɗinki ne, kar ki ji nauyi.

To ba gara a aika musu kuɗin kawai ba? Ai zai fi amfani.

Wannan tambayar Baban yara ne ya fara yi min ita, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Idan manufar ita ce a gina aji, eh, gara a aika kuɗin. Ki lissafa yara 18 kowa da abin da ya biya, kuɗin zai gina makaranta sukutum da rijiyarta da banɗakinta, kuma magina da leburorin garin su samu aikin watanni. Babu wani ƙauye a Ghana da ya rasa mai ɗaukar bulo da har sai an ɗauko yarinya daga Maryland.

Amma ni abin da na fahimta bayan na je na gani, kuɗin nan kuɗin karatun ɗanki ne, irin wanda kike biya na lesin ko na islamiyya, ba sadaka kika yi wa 'yan Ghana ba. In kin ɗauke shi a haka to lissafin ya fita, kuma yaron ma zai tafi da kai a ƙasa yana neman ya koya. In kuwa kin ɗauke shi a matsayin ɗana zai je ceton talakawa, an cuci yaron tun daga gida, zai dawo yana jin ya yi wani gagarumin abu alhali mutanen garin ne suka yi haƙuri da shi, suka ciyar da shi, suka gyara abin da ya ɓata. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko yana da ido. Ni na yarda tafiya mabuɗin ilimi ce shi ya sa na biya, ladan sadaka kuma na neme shi ta wata hanyar daban.

Wane aiki suka yi takamaimai?

Azuzuwa biyu ake ƙarawa a wata firamare a wani ƙauye da ke kamar awa ɗaya daga Kumasi. Mutanen garin ne suka zaɓi aikin, kuma kafin mu iso sun haƙa tushe sun kai ginin kusan taga. Birkiloli uku ne 'yan garin, su ke ɗora bulo, namu yaran leburanci ne nasu, tankaɗe yashi, kwaɓa siminti da shebur, tura baro, miƙa bulo hannu da hannu, ɗebo ruwa.

Ranar farko ba zan manta ba. Aka ba yarinyata kwanon sarki cike da kwaɓi ta rungumo shi a ciki tana tafiya tana haki, rabi ya zube a kan takalminta. Wata mata cikin masu ɗebo ruwa, da goyo a bayanta, ta tsaya ta kalle ta, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi gammo ta ɗora mata a kai, ta ɗaga kwanon ta aza, ta sa yatsa biyu ta ɗago mata haɓa alamar ta daina kallon ƙasa. Ba su da yare ɗaya, ita yaren Twi take ji. Haka ta bi ta a baya har bakin gini sau uku tana riƙe da gefen kwanon sannan ta sake ta. Da dare hannun yaran duk ya yi bororo, muna shafa musu magani suna ta mita, amma washegari ba wanda ya ce ba zai fita ba.

A kwana na huɗu aka bar samari biyu su gwada ɗora layi ɗaya na bulo don sun dame mu da roƙo. Da yamma babban birkilan ya sa igiya da ma'auninsa ya duba, bai ce komai ba, sai da safe muka tarar ya sauke layin ya sake ɗorawa. Malamar da ke jagorantarmu ta yi abin da ya burge ni, ta kira yaran gaba ɗaya ta nuna musu, ta ce ku gani, mutumin nan ya yi shekaru yana wannan sana'a, jiya kun ƙara masa aikin awa ɗaya, ku je ku gode masa. Suka je. A ganina darasin wannan safiyar kaɗai ya biya rabin kuɗin tikiti.

A takardarmu an ce gidan marayu za a kai su. Ai wannan lada ne babba ko?

Dan Allah 'yar uwa in gidan marayu ne a cikin shirin ki ce a cire, in sun ƙi ki cire ɗanki. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi don mun taso da sanin falalar kula da maraya, Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya haka suke a Aljanna. Amma ɗaukar nauyi daban, ziyarar kwana biyar daban.

Ga abin da aka gano. A Kambodiya rahoton da UNICEF ta fitar a 2011 ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, kuma kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa iyaye suka bayar da su bisa alkawarin karatu da abinci, masu gidajen kuma suna samun kuɗi daga baƙi, wasu ma da gangan suke barin yaran cikin tsumma don tausayi ya fi kawo kuɗi. An ga irin haka a Nepal da Uganda da Haiti. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta lissafa safarar yara zuwa irin gidajen nan cikin bautar zamani. Ita kanta Ghana tun 2007 ta fara shirin mayar da yara hannun danginsu, kuma gwamnati ta sha rufe gidajen da ba su da lasisi.

Ko da gidan na gaskiya ne ma, ki yi tunanin yaro ɗan shekara huɗu da duk sati biyu sabuwar fuska za ta zo ta rungume shi ta goya shi ta ce tana sonsa, sannan ta shiga mota ta tafi ba za ta sake dawowa ba. Sau nawa zuciyarsa za ta ɗauki wannan? Ke za ki yarda baƙin da ba ki san halinsu ba su riƙa shigowa ɗakin 'ya'yanki suna ɗaukarsu hoto? A nan Amurka ko rakiyar yara zuwa gidan zu za ki yi sai makaranta ta binciki tarihinki.

Ɗana likita yake so ya zama, an ce za a bar su su taimaka a asibiti.

Kallo da tambaya ba laifi in marar lafiyar ya yarda. Amma yin allura, ɗinki, cire haƙori, karɓar haihuwa, a'a. Abin da doka ba za ta bar ɗan shekara 16 ya yi wa ɗan Amurka ba bai halatta ya yi wa ɗan Ghana ba, jiki ɗaya ne. Shirin da ke tallata irin wannan ki guje shi.

Gaskiya ne yana taimakawa wajen samun jami'a?

Ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Masu tantance takardun shiga jami'a sun karanta dubban labaran na je ƙasar talakawa na ga suna murna duk da ba su da komai, kuma sun san tafiyar kuɗi ke sayenta. A 2016 sashen ilimi na jami'ar Harvard ya fitar da wani rahoto da jami'o'i da yawa suka sa wa hannu, inda aka ce abin da ya kamata a duba shi ne hidimar da yaro ya dage a kai na tsawon lokaci, kamar shekara guda, kuma har kula da ƙanne ko kaka marar lafiya ko aiki don taimakon gida a lissafa shi. Kin ga yaranmu da yawa suna yin wannan kullum ba su ma san abin rubutawa ba ne.

Mu 'yan Maryland kuma akwai awa 75 na hidimar al'umma da jiha ta wajabta kafin yaro ya karɓi shaidar gama sakandare. Kar ki ɗauka tafiyar za ta cike su kai tsaye, ki je ofishin makaranta a cike fom a amince tun kafin a tashi, don ba kowane aiki suke ƙirgawa ba. Kuma awannin nan ana samunsu kyauta a rumbun rabon abinci na unguwa ko laburare.

Lafiya fa? Ni sauro nake tsoro.

Kina da gaskiya, kuma mu 'yan Afirka mu muka fi sakaci a nan. Sai ki ji uwa ta ce haba maleriya ai mun sha ta muna yara. Ke kika sha, ɗanki da aka haifa a nan jikinsa bai san ta ba, ke ɗin ma da kika yi shekaru a waje kariyar ta tafi. Duk shekara ana samun mutum wajen 2,000 da zazzaɓin cizon sauro a Amurka, kusan duka matafiya ne, kuma da yawansu masu zuwa ganin gida ne a Afirka ta Yamma. Yuni da Yuli damina ce a kudancin Ghana, sauro na nan.

Ki kai shi asibitin matafiya wata ɗaya ko fiye kafin tashi. Allurar shawara dole ce, ba a shiga Ghana sai da katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma sai ta kwana 10 a jiki katin ke fara aiki, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Likita zai duba na taifod da ciwon hanta. Maganin rigakafin maleriya kala-kala ne, Malarone ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa, doxycycline kuma sai an yi sati 4 bayan dawowa kuma yana sa rana ta ƙona fata. A nan yara ke yin wasa, da sun dawo gida sai su watsar. Ni kullum bayan karin kumallo nake tsayawa da takarda ina kiran suna ɗaya-ɗaya sai na ga an haɗiye. Gidan sauro, man shafawa na korar sauro, riga mai dogon hannu da magariba. In ya yi zazzaɓi bayan dawowa, ko da bayan watanni ne, a tafi asibiti a ranar kuma a buɗe baki a gaya wa likita an je Ghana, don likitocin nan ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba.

Ruwa na gora ko fiya wata mai kyau kawai. Kar su yi wanka a tafki ko rafi saboda tsargiya, tafkin Volta ma na da ita. Teku a gaɓar Ghana yana da ja sosai, ko gwanin iyo ya yi hankali. Sannan abin da ya fi sauro haɗari mota ce. Ki tambaya wace irin mota za a hau, akwai bel, kuma a rubuta miki cewa ba tafiyar dare. Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne amma ya ci mana kusan awa shida.

Takardu?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, ki duba da wuri don na yaran da ba su kai 16 ba shekara 5 kawai yake yi. Mai fasfon Amurka sai da biza. In yaron na da fasfon Najeriya ko Nijar mai aiki ki tambayi ofishin jakadancin Ghana, mai na Najeriya dai ba ya buƙatar biza saboda ECOWAS. Takardar amincewar uwa da uba da hatimin notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya a jirgi, da kwafin komai a wayarki.

'Ya mace ce, kuma ga salla ga abinci. Yaya kuka yi?

Maganar tafiyar mace ba muharrami magana ce ta mahaifinta da malamin da kuka yarda da shi, a fara da ita tun kafin a biya kuɗin ajiye gurbi, kar a bari sai yarinya ta gama sa rai. A gidanmu Babansu ya ce in ba da ni ba to ba tafiya, shi ya sa na nemi rakiyar. Wata ƙawata kuma ta haɗa tata da yayanta namiji. Ki tambaya ɓaro-ɓaro, ina maza ke kwana ina mata, malama mace nawa ce, waye ke kwana kusa da su, me dokar giya da fita da dare.

Salla ba ta ba mu wuya ba ko kaɗan, Ghana akwai musulmi ko'ina, ƙauyen ma akwai ɗan masallaci a zangonsu, mun yi kasaru mun haɗa a ranakun hanya. Hijabi ba wanda ya kalle ta sau biyu. Abinci mun gaya musu tun farko, mai dafa mana ta riƙa sayen nama wajen mahautan zango, in ba a samu ba kifi da wake da ƙwai. Ranar da aka kawo waakye na ce wa yaran wannan sunan namu ne, shinkafa da wake ce, haka tuo zaafi tuwon zafi ne, suka yi ta mamaki.

Me ya sa ake hana su sa hotuna a Instagram?

Ba a hana ba, an sa ƙa'ida ne, kuma ni na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ba a ɗaukar yaro sai da izinin babba, ba a ɗaukar marar lafiya, ba a zagayo da yara marasa riga a tsaya a tsakiyarsu. Wannan matsalar ta girmi intanet. A Oktoban 1961 wata 'yar Peace Corps a Ibadan ta rubuta wa saurayinta kati tana kwatanta ƙazanta da ci bayan da ta ce ta gani, katin ya faɗi, ɗaliban jami'ar Ibadan suka samu suka buga shi suka raba, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Kati ɗaya kenan, yanzu kuwa hoto ɗaya duniya ke gani kuma mutanen ƙauyen ma suna da Facebook. Na ce wa tawa duk hoton da ba za ki iya nuna wa uwar yaron ki karanta mata abin da kika rubuta a ƙasa ba, goge shi. Ga kuma riya, mu da aka koya mana hannun dama ya bayar hagu bai sani ba.

Yaranmu ai 'yan Afirka ne, me za su gani sabo?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. A ƙauyen yara suka riƙa bin su suna kiran obroni, wato bature, har da yarinyata da take baƙa kamar ni, saboda turancinta da tafiyarta. Ta shigo ɗaki da dare ta yi kuka, ta ce Mama a can su ce min 'yar Afirka a nan su ce min baturiya, to ni 'yar ina ce. Ban da amsar da zan ba ta a daren, na dai rungume ta.

Ranar Juma'a na nemi izini na ɗauke ta muka shiga Kumasi, unguwar Aboabo, muka yi salla. Da muka fito ga wata tsohuwa da tukunyar koko da ƙosai a bakin hanya, na ce je ki saya da kanki. Ta je tana in-ina ta ce Baba sannu da aiki, a ba ni koko. Tsohuwar ta ɗago ta ce kai, daga ina ka fito? Hausar Ghana ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa kai ne. Ta ce daga Amurka. Tsohuwar ta ajiye ludayi ta kira maƙwabtanta ta ce ku zo ku ji ɗan Amurka yana Hausa, ta tambaye ta garin kakanninta, ta ƙara mata ƙosai uku ta ƙi karɓar kuɗinsu. A mota na ba ta labarin fataken goro da suka riƙa tahowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga da Gwanja da jakuna, wanda su ne asalin zangon nan da yawa. Tun daga ranar yarinyar da sai na yi faɗa take amsa min da Hausa ita ke tsokano hirar.

Sai kuma Cape Coast. Mun shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda a da ake tara bayi kafin a zuba su a jirgi, mai zagayawa da mu ya kashe fitila na ɗan lokaci, duhu da zafi da wani wari da har yau bai bar bangon ba, a saman kuma coci aka gina. Akwai yara huɗu baƙaƙen fatar Amurka a cikinmu, ɗaya ta tsaya a ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa ta kasa motsi. Da dare ta tambaye ni, ta ce Anti ku da kuka rage a nan kun san da mu? Na gaya mata gaskiya, cewa a makarantarmu an koya mana abin sama-sama, kuma kasuwar bayi ta ci a ƙasashenmu ma, Salagar da na gama yabo da goro har mutane an sayar a cikinta. Mun daɗe a zaune ni da ita a baranda.

Mu da muke gida Najeriya, yaranmu na iya samun irin wannan?

Irin na biyan kuɗi a je sati biyu, hanyar kusan ɗaya take bi, daga masu kuɗi zuwa marasa shi, ko don biza ma. Wanda na sani ya bi ɗaya hanyar shi ne shirin YES da majalisar Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, wanda ya yi shekaru yana kawo 'yan sakandare daga ƙasashe masu musulmi da yawa, har da Najeriya da Ghana, su yi shekarar karatu guda a gidan wasu iyalai kyauta, kuma aikin sa kai na cikin abin da ake so su yi. Yaran arewa da dama sun zo ta nan, sun yi rabon abinci da hidima a gidajen tsofaffi a garuruwan Amurka. Irin waɗannan ta ofishin jakadanci da makarantu ake sanarwa kuma ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom a asusunsa ɗan damfara ne. Aikin gayya kuwa ba sai da fasfo ba, yashe kwata kafin damina, koya wa ƙananan yara karatu a hutu, duba marasa lafiya.

Ya kuka tara kuɗin?

Wata tara muna yi. Ta yi rainon yaran maƙwabta, mun soya sambusa da cincin mun haɗa zoɓo muna sayarwa bayan Juma'a, 'yan ajinsu sun yi wankin mota, mu muka cika sauran. Abin da na hana ta shi ne ta rubuta a intanet cewa a taimaka wa marayun Afirka alhali tikitinta za a saya. Na ce in za ki roƙa ki faɗi gaskiya, ki ce tafiyar karatu zan yi ku taimaka min. Ki kuma tambayi makaranta ko akwai tallafi, sau da yawa akwai amma sai wanda ya tambaya.

In aka ce za a sake, za ki bar ƙaninta ya je?

Zan bari, da sharaɗi. Mutanen garin su suka zaɓi aikin, ana biyan magina 'yan garin, shirin yana komawa wuri ɗaya shekara da shekaru, ba gidan marayu, ba asibiti, lissafi a rubuce. Kuma sai ya fara yin shekara guda yana zuwa rabon abinci a masallacinmu duk Asabar kafin in sa hannu a kowace takarda, na riga na gaya masa, ya fara tun watan jiya.

Lokacin da muka baro ƙauyen ginin ya kai linta ne kawai, ba rufi ba filasta. Bayan wata huɗu hedimastan ya turo wa malamarmu hoto ta WhatsApp, an buga kwano an yi fenti ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa irin na makarantun Ghana, yara na zaune a benci. Yarinyata ta ƙara girman hoton tana neman bangon da ta kai wa kwaɓi, ta ce Mama duba nan ne, ta gefen tagar nan ta biyu. Yanzu ita da ƙawayenta uku suna tara kuɗin allo da littattafai, kuma wannan karon sai da suka rubuta wa hedimastan suka tambaye shi me ya fi buƙata, ya ce benci 20 tukuna.